Injiniya Ya Kashe Janareta

Wai ni za ku tambaya dalilin da ba a taɓa maganin majinyaci? Kai, yaran yanzu, sai an tauna muku komai. To ku rufe baki ku ji.

Akwai wani mai gyaran wutar lantarki da ake kira Injiniya. Ya iya aikinsa, ba ƙarya, amma a ganinsa duniya duk waya ce da soket.

Ƙanensa tela ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Shekara huɗu yana jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Ƙwayoyin asibiti sun kwantar da shi, sai dai muryoyin ba su tafi duka ba. Ya auna wuyan riga, kafin ya ɗauki almakashi ya manta.

Likita ta ce akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai, tana ɗan motsa ƙwaƙwalwa.

"Wasu tana rage musu muryoyin, wasu ba ta yi," in ji ta. "Amma ƙari ce a kan ƙwaya. Ko ya ji sauƙi, kada a daina."

Injiniya ne ke kai shi kowace safiya. Yana zaune yana leƙen na'urar, yana murmushin wanda ya gano sirri.

A sati na uku tela ya ɗinka aljihu ya fito sak. Ya ɗago kai daga keke.

"Yaya, yau sun rage surutu."

Daɗi ya kama Injiniya har ya yi hawaye. Da yamma ya tarar da matar ƙanen nasa tana ɓare ƙwaya, ya fizge kwalin.

"Yaya, likita fa ta ce…"

"Likita ta san allura, ni na san wuta. Idan wuta ta dawo, wane sakarai ne ke barin janareta a kunne? Wannan abin barci kawai yake sa shi."

"Don Allah mu tambaye ta."

"Ke kika haife shi?"

Ya jefa kwalin cikin akwatin kayan aikinsa.

Wata bai cika ba, tela ya daina barci. Ranar nan ya yayyanka yadin mutane, ya fasa ƙwan fitilar shago, yana ihu cewa muryoyin sun shiga cikin waya. Mutum huɗu suka kai shi asibiti.

Wata biyar ya yi a kwance. Da aka sallame shi ya natsu, yana gane 'ya'yansa, amma abu ɗaya ya ƙi fita daga kansa. Injiniya ya je ɗauko shi, tela ya maƙale a jikin ƙofa.

"Kai ka sa su cikin bango. Ba zan shiga ɗakin da hannunka ya taɓa ba."

Gidansu kuwa, da shagon, da gidan uwarsu, duk Injiniya ne ya ja musu wuta. Matar ta kwashe miji da yara suka koma garin iyayenta. Har yau in Injiniya ya kira, ita ke ɗauka.

"Yana lafiya, Yaya. Kada ka zo."

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka take, ba ta shiga kan ɗan'uwanka. In likita ya ƙara magani, ba ce maka ya yi ka zubar da na farko ba. Ku kai wa duk wanda ke da majinyaci a gida wannan labari.

To na gama. Ku tashi ku kwanta, kar in ƙara jin tarin kowa.