Bencin Bakin Ƙofa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da injin casar shinkafa bai fi ɗaya ba a duk yankin. Sallau sunansa. Bawan Allah ne marar yawan magana, shekararsa goma sha tara yana ɗura shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a bakin inji.

Ku saurara ku ji yadda ɗakin injin nan yake. Taga ɗaya ce, ita ma ƙarama. Inji na aman baƙin hayaƙi, ƙurar ɓuntu na tashi, tun safe har la'asar. In ma'aikata suka fito, gira fari fat, kakin da suke tofarwa baƙi ƙirin.

A wurin akwai wata al'ada. A waje, gindin darbejiya, akwai benci guda. Aikin mai bencin shi ne sa wa buhunan mutane alama da shuni don kada su cakuɗe. Iska mai daɗi, ba hayaƙi, ba ƙura. Idan mai benci ya tsufa ya ajiye aiki, wanda ya fi kowa daɗewa a cikin ɗaki shi ke hawa. Sallau ne a kan layi.

Ana nan sai ƙirjinsa ya fara nauyi, ƙafa ta fara kumbura. Ya je asibiti. Likita ya auna shi, ya ce, "Baba, abin da kake shaƙa ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba. Yana ratsawa cikin jini, hanyoyin jini su yi ta kumburi daga ciki kamar gyambon da ake famawa kullum. Zuciyarka ta gaji da turawa. Ka fita daga ɗakin nan."

Sallau ya ce, "To, likita. Saura 'yan watanni in samu benci."

Ya koma aiki yana ɗaura ƙyalle a hanci. Akwai wani abokin aikinsa, Mati, ƙane ne a shekaru amma bakinsa ba linzami. Kullum in ya hango shi sai ya ɗaga murya: "Ku ba da hanya, ga amarya da lulluɓi! Amarya, ko a kawo lalle?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Sallau ya yi murmushi ya ɗauki buhunsa.

To, wanda ciwo ya kama yana gane mai irinsa. Sallau ya lura Mati ya tsaga takalminsa na roba ta sama don ƙafa ta shiga. Ya lura in sun ɗaga buhu tare, Mati kan juya baya ya dafe ƙirji, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Ranar da mai benci ya yi sallama da aiki, Sallau ya tarar da Mati a wurin alwala, su biyu kawai.

Ya ce, "Mati, da matashin kai nawa kake kwana?"

"Ina ruwan amarya da matashina?"

"Ni da biyu nake kwana. Kai fa?"

Mati ya ajiye butar hannunsa. Can ya ce, "A zaune nake kwana, Yaya Sallau. In na miƙe numfashi ɗaukewa yake. Don Allah kada Alhaji mai inji ya ji, sallamata zai yi. Yarana biyar, babbansu bai isa riƙe fartanya ba."

Jama'a, benci ɗaya ne. Benci ɗaya ne, masu ciwo biyu. Shekara goma sha tara Sallau yana hangensa ta 'yar tagar nan, kuma ba wanda zai ce ya ci haƙƙin wani in ya zauna. Amma ya duba ya ga nasa 'ya'yan sun kawo ƙarfi, ya iya saƙar tabarma tun wajen mahaifinsa, Mati kuwa bai san komai ba sai inji, ga nasa ciwon ya fi nisa.

Da Alhaji mai injin ya miƙo masa kwanon shuni, sai Sallau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na bar wa Mati."

"Don me?"

"Haƙƙina ne, na ba shi. A yi mini afuwar dalili."

"To sai ka koma ciki ke nan."

"A'a, Alhaji. Likita ya hana ni, kuma jikin nan amana ce. Sai dai in roƙi abu ɗaya: a fasa bango a yi wa na ciki tagogi, a fitar da bututun hayaƙin waje."

Ya tafi gida ba benci, ba aiki. Matarsa Hansai ta tafa hannu ta ce, "Malam, mai kiranka amarya? Shi ka bar wa?"

Ya ce, "Shi. Bakinsa ne ya yi mini laifi, Hansai. Yaransa ba su yi mini komai ba. Miƙo mini kabar can."

Ba zan ce muku ya yi arziki ba. Wata kasuwar tabarma biyu yake sayarwa, wata ko ɗaya. Amma ya sha maganinsa, ya shaƙi iska mai kyau, kuma shi ya riƙa raka Mati asibiti. Alhaji ya ja lokaci, daga baya ya fasa taga biyu. Mati ya yi shekara takwas a kan benci, har ya ga babban ɗansa ya kama sana'a.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne, kyauta ta gaskiya ita ce ka bayar da abin da kai ma kake matuƙar bukata, ka kuma rufa wa wanda ka bai wa asiri. Sannan haƙuri ba shi ne ka zauna cikin abin da ke cin zuciyarka ba.

Mu duba kanmu. Ke mai tuya a rufaffen madafi, kai mai walda, kai mai fasa dutse, in ƙirji ya fara nauyi a je a auna, kada a ɓoye. Kai mai inji, numfashin ma'aikatanka yana wuyanka, za a tambaye ka. Kuma gobe in kun je wurin aiki, ku dubi na kusa da ku da kyau, ko da shi ne ya fi takura muku. Wataƙila a zaune yake kwana.

Allah Ya ba mu zuciya irin ta Sallau, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.