Gawayi a Ƙahon Amasa

An yi wani mutum a garinmu, tun kafin mu fara faɗa da Sarkin Ingila. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna raye. Mutumin kirki ne, shi ya sa aka damƙa masa mabuɗin ɗakin saman majami'a, inda ake ajiye gangar albarushin gari.

Gonarsa duk duwatsu ce. Shekara biyu masara ba ta yi ba, ga 'ya'ya shida. Wata rana ya ce a ransa, bari ya ɗan ɗebi albarushi ya fasa manyan duwatsun nan, in kaka ta yi ya mayar. Ya ɗiba, ya fasa, gona ta buɗe. Ya sake ɗiba.

Ya 'yan uwa, wa a cikinmu bai taɓa cewa "zan mayar" ba?

Kafin kaka ta zo, jiragen Sarki suka toshe bakin teku, albarushi ya ɓace a ƙasar. Ganga kuwa ta yi rabi. Da ya je ya gaya wa dattawa, da sun yi masa faɗa, sun nemo wani a garuruwan maƙwabta. Amma kunya ta hana shi. Ya daka gawayi, ya gauraya da baƙin yashi, ya zuba a gindin ganga, ya mayar da na kirkin a sama.

Ran nan da hantsi aka kaɗa ƙararrawa, sojojin Sarki masu jajayen riguna sun doso gari. Maza suka bar garma suka yi layi a majami'a, kowa da ƙahonsa na zuba albarushi. Shi ke awo. Yana ta addu'a layin ya ƙare kafin ya kai gindin ganga. Bai ƙare ba. Mutum biyar ya zuba wa gawayi, na ƙarshensu ƙanensa Amasa, wanda ya makara wajen ɗaure shanu.

Kun san kowane ƙaho da sunan mai shi a sassaƙe. Ya ja Amasa gefe ya ce, "Kawo naka, karɓi nawa."

Amasa ya yi dariya. "Yaya, karatun ma ka manta? Ga sunana nan ɓaro-ɓaro. Baba ya sassaƙa mini, naka kuwa kamar kaza ta yi tono."

"Na ce ka kawo."

"To, don me?"

Nan ne wurin, ya 'yan uwa. Kalma ɗaya ta rage. Ya dubi mutanen gari da ke ganin girmansa, ya dubi ƙanensa, ya haɗiye maganar. Ya ce, "Ba komai."

Suka laɓe bayan katangar dutse a bakin hanya. Da sojojin suka matso, aka buɗe wuta. Amasa ya ja kunama, bindiga ta ƙi tashi. Ya ɗura sabo, ta ƙi. Ya juyo yana cewa, "Yaya, albarushin nan ya jiƙe ne?" Kafin ya sami amsa, sojan Sarki ya haye katanga ya soke shi da wuƙar bakin bindiga. Cikin mutum biyar ɗin, biyu ne suka koma gida.

Babu wanda ya tuhume shi. Shi da kansa ya miƙe ranar Lahadi a gaban jama'a ya faɗi duka. Ba a doke shi ba, ba a kore shi ba. Matar Amasa, Keziya, ta ce masa, "Yaya, da a ranar ka faɗi wannan." Ba ta ƙara ba.

Daga nan bai sake zama mutum ba. Ya bar noma, 'ya'yansa suka watse gidajen dangi, ya riƙa yawo yana magana shi kaɗai, har ya mutu a rumfar dabbobin wani. Wallahi ina tausayinsa, don ba mugu ba ne, kuma ya so ƙanensa.

Amma ku lura. Ɗibar farko yunwa ce ta sa shi, Allah kuma mai gafara ne. Abin da ya kashe Amasa shi ne ɓoyewar. Ya fifita mutuncinsa a idon mutane a kan ran ɗan uwansa. In akwai amanar da ka taɓa, ka faɗa yau, tun faɗin yana da amfani ga wani.

Allah ya kiyaye mu da kunyar da ke hana faɗin gaskiya, ya ji ƙan waɗanda suka faɗi a bayan katangar nan. Amin.