Gwauruwar da Ta Hana a Sare Durumin Jemagu

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, sana'arta daddawa. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a ƙetaren rafi, nesa da gonakin mutane. A cikin gonar akwai itatuwan ɗorawa bakwai, da wani tsohon durumi wanda jemagu suka mai da shi gidansu tun ba a haife ta ba. Daga 'ya'yan ɗorawan nan take samun kalwar da take dafawa ta yi daddawa. Da ita take ci, da ita take sutura.

Wata shekara jemagu suka yi wa mangwaron ƙauyen ɓarna, ran mutane ya ɓaci. Sarkin noman garin kuwa mutum ne mai son a ce ya iya tsara abu. Ya tara jama'a a dandali, ya sa aka kawo kwanduna biyu, ya ce yau za a raba halittun ƙasar nan kashi biyu, abokan manomi da maƙiyansa. Duk halittar da aka kira, sai ya jefa tsakuwa a kwandon da ya ga ya dace. Saniya da akuya da kudan zuma suka shiga na dama. Ɓera da fara da gara da jan-baki, tsuntsun nan mai cinye gero, suka shiga na hagu. Aiki ya yi ta tafiya da sauri, gama ba wanda ya tsaya ya yi tambaya.

Da aka zo kan jemage, sarkin noma ya ce, “Wannan ba ya bukatar shawara. Yana tashi sama, ashe tsuntsu ne, ɗan'uwan jan-baki. Ku dubi fuskarsa kuma, ɓera ne sak. Ta ko'ina ka juya shi, ɓarawo ne.” Ya jefa masa tsakuwa har biyu a kwandon hagu, mutane suka yi dariya. Aka yanke cewa duk itacen da jemagu ke kwana a kai, a sare shi.

Gwauruwar nan ba ta yarda ba. Ta miƙe daga cikin mata ta ce, “Sarkin Noma, ka taɓa riƙe jemage a hannunka?”

Ya ce, “Allah ya kiyaye! In yi me da shi, Inna?”

Ta ce, “Ni na riƙe. Wata uwar jemage ta faɗo daga durumina, na ɗauke ta. Ba gashin tsuntsu a jikinta, ba baki irin na tsuntsu, haƙora gare ta. Ga ɗanta manne a ƙirjinta yana shan nono kamar ɗan akuya. Wane tsuntsu ka taɓa gani yana shayarwa? Ɓera kuma, yaushe ka ga ya tashi sama? Kama da wane ba wane ba ne. Ban ce ba ya shan mangwaro ba, yana sha. Amma shekara talatin ina ganinsa da almuru a kan furen ɗorawa, yana tsoma fuska a wannan ya koma wancan, kansa duk garin fure. Itacen da ya fi zuwa, shi ya fi haihuwa. Ka cire tsakuwarka.”

Sarkin noma ya ji kunya a gaban jama'a, kunyar kuwa ta juye ta zama fushi. Ya ce, “An gama magana. Wanda ya ƙi sare itacensa, ba ruwan gari da gonarsa. Ba za a yi masa gayya ba.”

Ta san nauyin wannan magana. Kowace damina gayya ce take nome mata gona, mutanen gari su taru da garmunansu, a gama cikin yini ɗaya. Ba ta da ɗa namiji, ƙarfinta kuma ya fara raguwa. Duk da haka ta ce, “Ku riƙe gayyarku. Durumina ba zai faɗi ba.”

Aka sare itatuwan jemagu na cikin gari da na bakin hanya, aka yi ta hura hayaƙi da jifa har suka watse. Ranar da aka haye rafi da gatura, aka iske ta zaune a gindin durumin, ta jingina bayanta da shi. Ta ce, “Ga ni. Ku fara da ni, sai ku sami itacen.” Ba wanda ya iya ɗaga gatari a kan tsohuwa. Suka juya suna gunaguni.

Daminar nan ta sha wuya. Ita kaɗai take sunkuyawa da fartanya tun safe, ciyawa kuwa ta fi ƙarfinta, ta cinye rabin gonar. Tana jin kiɗan gayya daga gonakin wasu, ta zauna ta yi kuka, ta share hawaye ta koma aiki. A bakin rijiya aka laƙaba mata suna uwar jemagu. Ta ce ta karɓa, suna ne mai kyau, su ƙara mata wani in suna da shi.

Da rani ya zagayo, ɗorawa ta yi fure ko'ina, jajayen ƙwallayen nan suna reto a rassa. Amma a gonakin gari furen ya bushe ya zube, 'ya'ya sai ɗaya nan, biyu can. A ƙetaren rafi kuwa, inda ragowar jemagu suka fake a durumin gwauruwa, itatuwanta bakwai suka yi 'ya'ya har rassa suna sunkuyawa. Kalwa ta yi wuya a garin, miya ta zama lami a kowane gida. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wata rana da yamma sarkin noma ya haye rafi da kansa, da ƙwarya a hannu. Ya gaishe ta murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Inna, a taimaka mana da kalwa.”

Ta cika masa ƙwaryar har ta yi tozo, ba ta hana shi ba. Sa'an nan ta nuna masa durumin da jemagu ke rataye a kai, ta ce, “Ba ni za ka gode wa ba. Ga ɓarayin can, ka gode musu. In ka koma gida kuma, ka cire tsakuwarka, duka biyun.”

Ma'anar wannan misali ita ce, Allah bai yi duniyarsa don ta shiga kwando biyu ba. Ya yi halittu iri-iri, kowace bisa ga irinta, da aikin da ya ba ta. Masana halittu sun daɗe suna ƙoƙarin tsara su, ba su gama ba har yau. Sun ware dabbobi daban, tsirrai daban, irin su laimar kwaɗi daban, ga kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani. A cikin dabbobi suka raba masu ƙashin baya da marasa shi, suka sāke raba kifaye, da masu jan ciki, da tsuntsaye, da masu shayarwa, suna ta bin dangi har su kai ga iri guda. Ba kuwa da kallon fuska suke yin haka ba. Sukan duba yadda halitta take haihuwa, da ƙasusuwanta, da abin da ta gāda. Da suka buɗe fiffiken jemage suka tarar da ƙasusuwan yatsu kamar na hannu, sai suka sa shi cikin masu shayarwa, suka kuma ƙirga irinsa fiye da dubu. Abin da tsohuwar nan ta gani ke nan, domin ta riƙe shi a hannunta.

Sarkin noma mu ne, 'yan'uwa, duk ranar da muka zauna muna raba mutane, wannan namu ne, wancan ba namu ba, wannan mai amfani ne, wancan kaya ne kawai. Mun dubi yarensa, ko garinsu, ko laifi ɗaya da ya taɓa yi, muka jefa tsakuwa, ba mu taɓa shiga gidansa mun zauna ba. A cikin ikilisiyar nan ma akwai waɗanda muka jefa wa tsakuwa biyu. Wataƙila addu'arsu ce take sa itatuwanmu haihuwa, ba mu sani ba.

Gwauruwar kuwa ita ce mai bi wanda ya ga gaskiya da idonsa, ya ƙi sayar da ita don a bar shi cikin taro. Kada wani ya ruɗe ku, tsayawa tana da wuya. Ta yi hasarar rabin gonarta, ta yi kuka ita kaɗai, ba ta kuwa san yadda shekara za ta ƙare ba sa'ad da ta zauna a gindin itacen. Yawan masu jefa tsakuwa ba ya mai da jemage ɓera.

Saboda haka, ranar da aka haye rafi da gatura saboda wani da Allah ya halitta, ka riga su isa gindin itacen, ka jingina bayanka da shi, ka ce su fara da kai.