Ƙofar da Ba a Sa wa Dutse Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Malam Sallau ake ce masa, ɗinkin hula ne sana'arsa. Gidansa na ƙasa ne, a lungun da ke bayan babban asibitin garin, kuma a ƙofar gidan akwai wata tsohuwar darbejiya mai inuwa.

Ku saurara, jama'a, musamman ku samari da kuka tashi kuka tarar da waya a hannu. A wancan zamani, da an idar da la'asar, gindin darbejiyar nan ake haɗuwa. A yayyafa ruwa, a share, a shimfiɗa tabarmi. Ga masu dara, ga mai rediyo, ga Malam Haladu, aminin Malam Sallau tun suna makarantar allo, mutumin da in bai yi musu ba abinci ba ya yi masa daɗi. Wallahi ina kewar irin wannan zama. Mutum ya san maƙwabcinsa, ya san abin da ke damunsa tun bai buɗe baki ba.

Ana nan ana nan, sai hukuma ta hana ajiye mota a bakin titin asibiti. Aka shafa fenti a gefen kwalta, aka kafa allo, duk wanda ya tsaya sai a ja motarsa. Kuma hukuma ba ta yi laifi ba, don titin ya cushe har motar ɗaukar marasa lafiya ba ta samun hanya. To amma masu kawo majinyata ina za su nufa? Sai suka kwararo cikin lungu.

Kun dai san halinmu. Nan da nan kowa ya tsare ƙofarsa. Wannan ya jera duwatsu, wancan ya binne tsohuwar taya, mai hali ya cika durom da siminti. Malam Haladu da kansa ya turo duwatsu a baro har gindin darbejiya.

Ya ce, "Sallau, ga naka. Tashi mu jera kafin su cinye mana inuwa."

Malam Sallau ya ajiye allura ya ce, "Haladu, jiya na ga wani ya goyo mahaifiyarsa tun daga bakin kasuwa, don can ya sami wurin tsayawa. Tsohuwa tana nishi, shi yana haki. Ni kam ba zan iya sa dutse ba."

"To mu a ina za mu zauna?"

"In sun tashi sai mu zauna."

"In sun tashi! Ka taɓa jin ranar da asibiti ya tashi?"

Malam Haladu ya juya da baronsa yana faɗa. Kuma maganarsa gaskiya ce, motoci ba su tashi ba. Wannan ta fita, waccan ta shigo. Baƙin mai ya ɓata ƙasar da ake shimfiɗa tabarmi. Majalisa ta gaji, ta naɗe kayanta, ta koma ƙofar wani Alhaji mai durom a can ƙarshen lungu. Malam Haladu kuwa sai gaisuwa daga nesa, ita ma da ƙyar.

Kada ku ɗauka abin bai dami Malam Sallau ba. Ya dame shi, jama'a, ya dame shi ƙwarai. Yana zaune shi kaɗai a bakin zaure da hularsa, yana jiyo dariyar abokan ƙuruciyarsa daga nesa. Matarsa Tabawa ta ce masa, "Malam, ka sa dutsen nan mana ka huta, kewa za ta kashe ka." Ya ce, "Kewa tana nan, Tabawa. Amma ni kewa ce ta dame ni, su kuwa mara lafiya suka ɗauko." Duk direban da ya tsaya, abin da yake ji daga bakinsa ke nan: "Matsa gaba kaɗan wani ma ya samu. Allah ya ba da lafiya."

Ba zan ce muku ya yi arziki ba. Ba zan ce muku majalisa ta dawo ba, don ba ta dawo ba. A haka ya tsufa, a haka ya rasu.

Ranar da ya rasu, aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, za a fito da shi a yi masa salla a ƙofar gida kamar yadda aka saba. Sai ga mota a gindin darbejiya, a kulle, mai ita yana asibiti. Ba wurin yin sahu. Samari suka naɗe hannun riga, suka ce a ɗaga ta a jefa gefe.

Malam Haladu ya dogaro sanda ya zo. Ya leƙa ta gilashi, ya ga bargo a naɗe, da kwanon abinci, da wani ɗan takalmin yarinya. Ya juyo ya tsaya a gaban motar, hawaye na sauka a gemunsa.

Ya ce, "Ba mai taɓa ta. A kan wurin nan na yi fushi da shi, na bar shi shi kaɗai. Yau yana kwance ba zan bari a korar masa baƙo ba. Ku ɗauke shi mu tafi filin masallaci."

Can aka yi masa salla. Mai motar ya fito ya ja abarsa, bai ma san an yi ba.

To jama'a, abin da nake so ku riƙe shi ne: alherin da ba ya rage maka komai kowa ma zai iya yi. Na gaskiya shi ne wanda ka san zai ci maka abin da kake so, kuma ka yi. Yanzu ga shi an sauya mana dokar ajiye mota a unguwa. Inda aka hana, kada ka tsaya. Kai kuma mai ƙofa, ina ganin ka kana sunkuyar da kai, na san duwatsun da ka jera. In ka koma gida ka tsaya ka dube su, ka tambayi kanka wa ka kora da su. Allah ya buɗe mana zukata, ya jiƙan magabatanmu.