Sunan Wa Zai Hau Sama?

A garin Rafin Kanya, gwamnati da wasu ƙungiyoyin agaji biyu na Turawa suka haɗu suka kafa famfo mai wili, irin wanda ake juyawa da hannu. Bayan wata uku wilin ya cije. Kowa ya ce gyara ba nasa ba ne, mata suka koma ɗiban ruwan kududdufi.

Ana jibi Turawan za su zo taron duba famfon, Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya kira Barau mai fenti.

"Ka rubuta sunayenmu mu uku da muka kafa famfon a jikinsa, kuma kowa nasa yake so a sama. In wani ya ga nasa a ƙasa, a caji ofis za ka kwana."

"An gama, ranka ya daɗe."

Barau ya bi kewayen wilin ya rubuta su. Ranar taro sai ga sunan gwamnati can ƙasa, a kife.

"Kai Barau! Ni za ka tozarta gaban baƙi?"

"Wane ni, yallaɓai! Ɗan juya shi kawai, yanzun nan ka hau sama."

Ciyaman ya naɗe hannun riga, ya kama, ya yi nishi. Wili ko gezau. Turawa suka zuba masa ido.

Kafin la'asar makanike ya iso.