Hujin Allura a Kwalin Tabita

Akwai wata malama mai koyar da yara ƙanana, waɗanda ba su isa shiga firamare ba. Wata rana ta ce kowa ya zo da kwali daga gida, za su yi kyamara.

Da suka kawo, ta shafe cikin kowane kwali da baƙin fenti. Ta yanke gefe ɗaya, ta manna masa farar takarda da ta sha man gyaɗa har ta yi shara-shara. Ɗaya gefen kuma ta huda shi da tsinin allura, huji ɗaya tak. In yaro ya lulluɓe kansa da zane, ya bar hujin yana duban waje, sai ya ga itacen mangwaron makaranta a kan takardar, kansa a ƙasa, gindinsa a sama. Yara suka yi ta dariya.

A cikinsu akwai wata yarinya, sunanta Tabita. Ubanta direban babbar mota ne, yakan daɗe a hanya, amma ran nan yana gida, ya kuma yi alkawari shi zai zo ɗaukarta. Tabita ta leƙa kwalinta, ta ga hoton dishi-dishi. Ta ce a ranta, “Baba ba zai ga wannan ba. Hasken ya yi kaɗan.” Sai ta ɗauki fensir ta buɗa hujin. Haske ya ƙaru, amma itacen ya soma narkewa. Ta ƙara huji na biyu, da na uku. Da ta sake leƙawa, ba itace, ba ganye, sai fari fat.

Ta ɓoye kwalin a bayanta, hawaye na zuba. Malama ta durƙusa kusa da ita, ta ce, “Me ya faru, Tabita?”

Ta ce, “Na ɓata nawa. So nake Baba ya gani sosai.”

Malama ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma jefar da kwalin ba. Ta yanko baƙar takarda ta toshe hudojin duka, sa'an nan ta kama hannun yarinyar, suka huda guda ɗaya tare. Ta ce, “Shiga cikin zanen, kada ki yi sauri. Bari idonki ya saba da duhun.”

Tabita ta jira. A hankali itacen ya fito, reshe bayan reshe. Can sai ga wani mutum ya shigo ta ƙofar makaranta, ƙafafunsa a sama, hularsa a ƙasa. Ta gane tafiyarsa.

Da ya iso, ta ja shi cikin zanen. Ya ce, “Ni ban ga kome ba, 'yata.”

Ta ce, “Ka jira, Baba. Zai fito.”

Ma'anar misalin nan ke nan, ƙaunatattu. Kwalin shi ne zuciyar mutum, hujin kuwa ƙofar da muke buɗe wa Maganar Allah. Sau da yawa mukan ga kamar abin da Ubangiji ya nuna mana ya yi kaɗan, sai mu buɗe wa kowace murya ƙofa: ta abokai, ta waya, ta tsoron gobe. Ba kullum da mugun nufi muke yi ba, ita ma Tabita ƙauna ce ta sa ta. Duk da haka haske ya yi mata yawa har ta rasa hoton.

In haka zuciyarka take yau, kada ka ɓoye ta a bayanka. Mai Cetonmu ba ya jefar da abin da ya ɓaci. Kawo masa, ka bar shi ya toshe abin da ya kamata a toshe, sa'an nan ka natsu a gabansa ka jira. Wanda ya koyi jira, shi ne zai iya koya wa na gidansu.