Randar Tabawa

A zamanin da ƙasar nan take kurmi, akwai wani zangon maharba a gindin Dutsen Kwarasa. Shugabansu shi ne Barmo, mai kwana da kwari, dodon ɓauna. Yana da ƙanwa, Tabawa, mace mai taurin kai da yawan kallon abin da ba wanda ya damu da shi.

Duk rani sai zangon ya tashi neman ruwa, domin ƙwarya da gora ba sa riƙe abin kirki. A wannan shekara kuwa ƙafafun tsohuwar da ta haifi Barmo da Tabawa suka mutu. Maharba suka ce tafiya ta zama dole, tsohuwa kuma ba ta ɗaukuwa a kan duwatsu. Tabawa ta rantse ba inda za ta je ta bar uwarta.

Ana cikin haka ta lura da zanzaro yana shigowa bukka da ɗanyen laka, alhali ƙasa ta bushe ƙayau. Ta bi shi har wani kogo, inda ta tarar da jan yumɓu da ruwa yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Ruwan zai isa, in da abin tara shi. Ta zauna tana ginin randuna da yumɓun yadda ta ga zanzaro na yi, zagaye bisa zagaye, sai dai duk wadda ta zuba wa ruwa sai ta narke. Maharba suka yi ta dariya, suna cewa Tabawa ta koma wasan yara.

Ana jajibirin tashi, Barmo ya cinna wa daji wuta don farautar bankwana. Iska ta juya, wuta ta cinye rumfar da Tabawa ke shanya kayanta. Dodon ɓauna ya zo ba da haƙuri. Tabawa ba ta kula shi ba, ta shiga tona toka tana hawaye. Sai ga babbar randarta ta yi jawur, gefe ɗaya baƙi. Ta ƙwanƙwasa, ta ji ta amsa. Aka zuba ruwa, ya zauna, har ya yi sanyi.

Tsohuwa aka fara miƙa wa. Ta sha, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ku kwance kayanku."

Tabawa ta dubi wanta ta ce, "Yaya, tunda ƙuna ka iya, daga yau aikinka ke nan."

Haka aka kafa Tungar Tabawa, uwar yumɓu, mai hannun albarka. Har gobe mata ke gini a garin, maza ke yo ciyawa su ƙona, suna gunaguni.

Wanda ya ziyarci gidan adana tukwane na garin zai ga tuluna da kasake jere cikin gilashi, an hana taɓawa. Randar nan mai baƙin gefe ce kaɗai a waje, kullum cike da ruwa. Kowane babba ne ya zo, sai ya tsaya riƙe da moɗa, har wadda ta fi kowa tsufa a wurin ta sha tukuna.